Zaman Shiru da Jinyar Raunin Wariya a Amurka

(Kiɗan buɗe shiri)

  Yau shirin zai ƙetare teku da mu zuwa Amurka. Za mu ji labarin baƙaƙen fata, da 'yan asalin Asiya, da sauran waɗanda wariyar launin fata ta daɗe tana gasa wa aya a hannu. Wasunsu sun ɗauki wata tsohuwar hanya ta mabiya addinin Buddha, wato zaman natsuwa, sun mayar da ita hanyar jinyar zuciya da tallafa wa juna.

Tun daga farko a fahimta: shirin nan na ilimi ne. Ba wa'azi ba ne, ba kuma kira zuwa wani addini ba. Labari ne na mutanen da wani ciwo ya dama, da abin da suka samu, da abin da ba su samu ba. Da yawa daga cikinku kuna da ɗa ko ƙane a can, yana karatu ko neman abinci. Sanin halin da ake ciki ba zai rasa amfani ba.

Shirin ya kasu kashi biyar. Da farko, ciwon kansa. Na biyu, mene ne zaman natsuwa. Na uku, yadda baƙaƙen fata suka shigo cikinsa. Na huɗu, za mu leƙa wata cibiya a birnin Oakland, mu kuma waiwayi 'yan asalin Asiya. Na biyar, iyakar abin da wannan hanya ke iyawa. A gyara zama.

Kashi na farko: ciwon.

Ga misali. Wata ma'aikaciyar jinya, baƙar fata, ta tashi daga aiki ta shiga kanti sayen sabulu. Mai gadi ya bi bayanta, duk layin da ta shiga yana nan. Bai zage ta ba. Bai taɓa ta ba. Ta biya kuɗinta ta fita. A hanyar gida motar 'yan sanda ta biyo ta na ɗan lokaci, sannan ta kauce. Nan ma babu abin da ya faru. Amma gabanta ya yi ta dukan uku-uku, kafaɗunta sun sandare, da daddare barci ya ƙi zuwa. Gobe haka, jibi haka.

Masana sun auna irin wannan. A 1997 Farfesa David Williams, wanda daga baya ya koma Jami'ar Harvard, ya fito da wasu tambayoyi na auna wulaƙancin yau da kullum. Sau nawa ake raina ka? Sau nawa ake yi maka kallon maras gaskiya? Sau nawa mutane ke nuna suna tsoronka? Binciken da aka yi ta yi da tambayoyin nan ya nuna cewa yawan wulaƙanci na tafiya tare da taɓarɓarewar lafiya.

Ga yadda abin yake. Duk lokacin da mutum ya ji barazana, jiki na sakin wasu sinadarai, kamar kotisol da adirenalin, don ya shirya gudu ko faɗa. Zuciya ta ƙara sauri, jini ya hau. Idan barazanar ta wuce, jiki ya koma daidai. To idan ba ta wucewa fa?

Wata masaniya a Jami'ar Michigan, Arline Geronimus, ta ba da amsa a 1992. Ta lura da wani abin mamaki. A cikin farar fata, jariran matan da suka haura shekara 20 sun fi na 'yan mata ƙanana lafiya. A cikin baƙaƙen fata kuwa, ta ga akasin haka: ƙarin shekarun uwa na zuwa da ƙarin haɗari. Ta ce jikin matan ne ke zaizayewa tun da wuri saboda wahala da wariya. Kun san katangar ƙasa. Ba ruwan rana ɗaya ke kayar da ita ba, damina bayan damina ce ke cin gindinta. A yau fiye da rabin manya baƙaƙen fata a Amurka na da hawan jini. Kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ce yiwuwar mace baƙar fata ta rasu sanadin ciki ko haihuwa ta ninka ta farar fata kusan sau 3.

A riƙe wannan: wariya ba a kunne take tsayawa ba, jiki take shiga.

(Gajeren kiɗa)

Kashi na biyu: mene ne zaman natsuwa?

Asalinsa koyarwar Siddhartha Gautama ce, wanda aka fi sani da Buddha. An haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Hanyoyin zaman suna da yawa, amma biyu ne suka fi yaɗuwa a wuraren da muke magana.

Ta farko, lura da numfashi. Mutum ya zauna a kan matashi ko kujera, ya miƙe baya, ya sa hankalinsa a kan shigar iska da fitarta. Ba a jima ba hankali zai gudu. Ya tafi bashi, ya tafi kasuwa, ya tafi maganar da aka faɗa masa jiya. Idan ya farga, sai ya dawo da shi kan numfashi ba tare da tsawata wa kansa ba. Hankali ya gudu, a dawo da shi. Ya sake gudu, a sake dawo da shi. Aikin ke nan. Da sannu mutum ke fara gane inda fushi ke zama a jikinsa, ko a ƙirji, ko a muƙamuƙi, ko a ciki, tun kafin fushin ya kai baki ko hannu.

Ta biyu ana kiranta metta, wato fatan alheri. Mutum na maimaita fatan lafiya da kwanciyar hankali a zuci. Ya fara da kansa. Sai wanda ya taɓa yi masa alheri. Sai aboki. Sai wanda babu komai tsakaninsu. Sai wanda ke ba shi wahala. Daga ƙarshe, dukkan halitta. Ku lura da inda ake farawa: da kai. Ga mutumin da aka shekara ana nuna masa cewa shi ba kowa ba ne, matakin farkon nan yakan fi sauran wuya.

Akwai kuma wata koyarwa da malamansu ke yawan kawowa, ta kibiya biyu. Kibiya ta farko ita ce cutarwar da aka yi maka. Wannan ba kai ka harba ta ba. Ta biyu ita ce wadda mutum ke soka wa kansa bayan nan: zargin kai, da jin kunya, da kwana ana juya maganar. Zaman natsuwa bai hana kibiya ta farko. Aikinsa a kan ta biyun yake.

Sai kalma guda mai muhimmanci: sangha, wato jama'ar da ke zama tare. A wurin mabiya Buddha, ginshiƙai uku ne: malamin, da koyarwarsa, da jama'a. Littattafansu sun ba da labarin wani wanzami mai suna Upali, wanda aka karɓa cikin masu zuhudu kafin 'ya'yan sarautar da yake yi wa aski. Bisa ƙa'ida, wanda ya riga shiga shi ne babba. Dole 'ya'yan sarautar suka rusuna masa. Irin wannan tarihi na cikin abin da ya ja Dakta Ambedkar na Indiya, jagoran al'ummar Dalit da ake ƙyama saboda asali, ya karɓi addinin a birnin Nagpur ranar 14 ga Oktoba 1956, tare da dubban ɗaruruwan mutanensa.

(Gajeren kiɗa)

Kashi na uku: yadda baƙaƙen fata suka shigo.

A shekarun 1960 da 1970 wasu matasa farar fata sun tafi Indiya da Burma da Tailan koyon zaman natsuwa. Uku daga cikinsu, Joseph Goldstein da Sharon Salzberg da Jack Kornfield, sun kafa cibiya a garin Barre, jihar Massachusetts, a 1975. Daga baya aka buɗe wata mai suna Spirit Rock a Kaliforniya. Cibiyoyin na ƙauye, nesa da unguwannin talakawa. Zaman keɓewa na mako guda na cin kuɗi, ga kuma barin aiki. Malamai farar fata, ɗalibai farar fata.

Ku kwatanta mace baƙar fata ta daure ta je. Ta shiga zaure, ta duba gabas ta duba yamma, ita kaɗai ce. Aka ce kowa ya rufe ido ya saki jiki. Yaya za ta saki jiki a irin wurin da ta saba yin kaffa-kaffa? Idan ta gaya wa malami abin da ke damunta, sau da yawa amsar ita ce: launin fata ruɗi ne kawai, ki sake shi ya wuce. Da yawa sun zo sau ɗaya, ba su sake dawowa ba.

Amma akwai waɗanda suka tsaya. Ɗaya daga cikinsu ita ce Jan Willis. An haife ta a 1948 a Docena, wani garin masu haƙar ma'adinai a jihar Alabama. Tana tasowa, 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan masu ta'addancin wariya suka ƙona gicciye a gaban gidansu. Tana budurwa ta shiga jerin gwanon Martin Luther King a Birmingham a 1963. Da ta kammala Jami'ar Cornell a 1969, hanya biyu ce a gabanta: ko ta shiga ƙungiyar Black Panther mai gwagwarmaya, ko ta tafi Nepal. Ta zaɓi Nepal. Ta zama ɗalibar wani malami ɗan Tibet, Lama Yeshe, har rasuwarsa a 1984. Ta sha bayyana cewa babban abin da malamin ya yi mata shi ne dawo mata da yarda da kanta. Ta zama farfesa a Jami'ar Wesleyan, kuma ba ta yar da asalinta na cocin Baptist ba, tana kiran kanta 'yar Baptist kuma mabiyar Buddha.

Akwai wata tsohuwar alaƙa kuma. Thich Nhat Hanh, malamin zuhudu ɗan Biyetnam, ya haɗu da Martin Luther King a Chicago a 1966. A 1967 King ya ba da sunansa don a ba shi lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya. Shekaru bayan haka, a 2004, Thich Nhat Hanh ya jagoranci zaman keɓewa na musamman ga waɗanda ba farar fata ba a gidan zuhudu na Deer Park a Kaliforniya, ɗaruruwa suka halarta.

Kafin nan ƙofa ta riga ta fara buɗewa. A 1999 Spirit Rock ta yi zamanta na farko irin wannan. A 2000, wurin wani babban taron malaman addinin Buddha na ƙasashen Yamma a cibiyar, wasu mabiya suka raba wani ɗan littafi da ya tattara labaran wariyar da suka gani a cikin zaurukan natsuwa kansu. Magana ta fito fili.

(Gajeren kiɗa)

Kashi na huɗu: mu je Oakland.

Oakland birni ne a Kaliforniya, mai yawan baƙaƙen fata da 'yan Asiya da 'yan Latin Amurka. A nan aka kafa ƙungiyar Black Panther a 1966. A nan kuma, a 2007, aka buɗe cibiyar East Bay Meditation Center a tsakiyar gari, inda bas da jirgin ƙasa ke kaiwa. Cikin malaman da suka assasa ta akwai Larry Yang, ɗan asalin China, da Mushim Ikeda, 'yar asalin Japan, da Spring Washam, baƙar fata.

Abu uku ya bambanta ta. Na ɗaya, babu kuɗin shiga. Kowa na bayar da abin da ya sawwaƙa, tsarin da suke kira dana, wato kyauta. Na biyu, ana kula da wanda aka saba mantawa. Akwai zama na masu naƙasa da masu doguwar jinya. Ko turare ba a shafawa a shiga, saboda waɗanda ƙamshi ke tayar wa ciwo. Na uku, duk mako akwai zaman da aka ware wa waɗanda ba farar fata ba.

Yaya irin zaman nan yake? Mutane na shigowa bayan tashi daga aiki. Aka kaɗa ƙararrawa, ɗaki ya yi tsit. Bayan zaman shiru malami ya yi ɗan jawabi, sannan a shiga tattaunawa. Tattaunawar na da dokoki. Kowa ya yi magana a kan abin da shi ya gani, kada ya ari bakin wani. Mai yawan magana ya ja baya, mai shiru ya matso gaba. Wanda bai son magana yana da 'yancin ya ce a wuce shi. Abin da aka faɗa a ɗaki, a ɗaki zai tsaya. Sannan a bambanta niyya da tasiri: kana iya ɓata wa mutum rai ko da ba ka nufa ba, kuma kyakkyawar niyyarka ba ta goge zafin.

To me ake samu a nan wanda ba a samu a cibiyoyin farko? Ma'aikaciyar jinyar nan, idan ta ba da labarin mai gadin kanti, babu wanda zai tambaye ta ko ta tabbata. Babu wanda zai ce wataƙila zato ne. Kowa ya san abin. Ba sai ta kare kanta ba, don haka jikinta na iya sauka. Numfashin iri ɗaya ne da wanda ake koyarwa ko'ina. Abin da ya canza shi ne waɗanda ke zaune a gefenta. A sake ji: numfashin ɗaya ne, jama'ar ce ta canza.

Malamansu kuma ba sa cewa a haɗiye fushi. Lama Rod Owens, baƙar fata daga jihar Georgia, na koyar da cewa a ƙarƙashin fushi akwai rauni da baƙin ciki, kuma su ne ke buƙatar kulawa. Ruth King kuwa ta ba da shawarar cewa farar fata su ma su kafa nasu ƙananan rukunoni, su binciki tarbiyyar wariyar da suka tashi a ciki, maimakon su ɗora wa baƙaƙen fata nauyin koyar da su.

Kada kuma a manta da 'yan asalin Asiya. Binciken cibiyar Pew na 2012 ya nuna kusan kashi biyu cikin uku na mabiya Buddha a Amurka 'yan asalin Asiya ne. Sun sha nasu ukubar. A 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnati ta tsare kimanin mutum 120,000 'yan asalin Japan a sansanoni. Mafi yawansu 'yan ƙasa ne, mafi yawansu kuma mabiya Buddha. Limamansu na cikin waɗanda aka fara kamawa. A cikin sansanonin, da guntayen katako suka haɗa wuraren ibada, suka ci gaba da taruwa.

Ranar 16 ga Maris 2021 wani ɗan bindiga ya kashe mutum 8 a yankin Atlanta, 6 daga cikinsu mata 'yan asalin Asiya. Bayan kwana 49, lokacin da al'adarsu ta ware wa mamaci, malamai daga ɗariku daban-daban suka taru a haikalin Higashi Honganji da ke Los Angeles. Haikalin kansa an yi masa ɓarna watanni kaɗan kafin nan. Aka yi addu'o'i, aka tuna da waɗanda ƙiyayya ta kashe, aka watsa taron kai tsaye ta intanet.

(Gajeren kiɗa)

Kashi na biyar, na ƙarshe: iyakar abin.

Me likitoci suka ce? A 2014 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins sun duba gwaje-gwaje 47. Sun ga zaman natsuwa na rage fargaba da ciwon damuwa da raɗaɗin jiki, amma ragi matsakaici. A 2017 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta ce ana iya haɗa shi da magani, amma ba ya maye gurbin magani. Mai hawan jini ya ci gaba da shan ƙwayarsa, ya ci gaba da zuwa awo.

Akwai haɗari ma. Binciken Willoughby Britton a Jami'ar Brown ya nuna wasu na shiga firgici ko ruɗewa idan zaman ya yi tsawo. Wanda ya taɓa ganin tashin hankali, rufe ido na iya dawo masa da abin da ya gani. Bayan kisan George Floyd a Minneapolis ranar 25 ga Mayu 2020, mutumin da ya mutu yana kukan ba ya iya numfashi, umarnin a lura da numfashi ya yi wa wasu nauyi. Shi ya sa ƙwararrun malamai ke ba da zaɓi: a bar ido a buɗe, a sa hankali a kan tafin ƙafa ko a kan sauti, a yi tattaki a hankali maimakon zama, a tsaya idan abin ya yi yawa.

Akwai suka iri biyu. Wasu na cewa ware zama bisa launin fata raba kan jama'a ne. Masu shirya zaman na amsawa cewa da ma a rabe ake, kuma mutanen da suka samu gindin zama a nan su ne daga baya ke shiga babban taro da ƙwarin gwiwa. Wasu kuma na tsoron kada natsuwa ta zama maganin barci, ta sa wanda aka zalunta ya haƙura da zalunci. Malamai irin su angel Kyodo williams da Rhonda Magee, wadda ta koyar da shari'a a Jami'ar San Francisco, na cewa manufar ita ce mutum ya samu ƙarfin ci gaba da neman haƙƙinsa ba tare da ya ƙone ba. Zaman shiru bai canza doka, bai gyara asibiti, bai hukunta ɗan sandan da ya yi kisa. Waɗannan aikin kotu ne da majalisa da masu zaɓe.

Abin da ya canza a zahiri shi ne su wane ne ke koyarwa. A 2017 Spirit Rock ta fara horar da sababbin malamai ƙarƙashin Larry Yang da Gina Sharpe, 'yar asalin Jamaika, da Lila Kate Wheeler. Mafi yawan ɗaliban ba farar fata ba ne, abin da bai taɓa faruwa a cibiyar ba. Da yawansu yanzu su ke jagorantar zama a birane daban-daban na Amurka.

Masu sauraro, mu tattara abin da muka ji. Wariya na shiga jiki, tana hawar da jini, tana hana barci. Zaman natsuwa horo ne na lura da numfashi da jiki da fatan alheri. Baƙaƙen fata da 'yan Asiya a Amurka sun gina nasu wuraren zama saboda zaurukan farko ba su ɗauke su ba, kuma jama'ar da ke zama tare na cikin maganin. Sannan hanyar na da iyaka: tana taimako, ba ta maye gurbin likita, ba ta kuma maye gurbin adalci.

A nan za mu dasa aya a shirinmu na yau. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)